Manhaja ma tana da isnadi

A watan jiya yayata, wadda lauya ce, ta sayi kwamfutar tafi-da-gidanka siririya, irin na hannu da ake shigowa da su daga Turai. Bayan sallar isha'i ta aika a kira ni. Na tarar da faifai biyu a gabanta: ɗaya ya zo da firintar ofishinta, ɗaya kuma na Office 2010 ne da ta saya da guminta shekaru da dama da suka wuce, yana nan cikin kwalinsa da lambar lasisinsa. Ta juya kwamfutar dama da hagu tana neman ɗan maɓallin nan da ake dannawa farantin faifai ya turo kansa waje, ba ta gan shi ba.

"Ƙanena, anya ba wadda ba ta cika ba suka sayar mini?"

Na ce, "Cikakkiya ce, Yaya. Haka ake ƙera su yanzu."

Ta ce to babu damuwa, gobe za ta ba yaron ofis ya kai ta kasuwa a zuba mata komai da komai, ai kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Tambayarta ta farko tana da amsa mai sauƙi, kuma zan ba da ita nan ba da jimawa ba. Maganarta ta biyu ce ta hana ni sakewa, domin ita ce hanyar da mafi yawanmu muke bi: malamin jami'a, akanta, likita, har mu 'yan jarida. Mukan miƙa na'urar da ke ɗauke da sirrin aikinmu ga wanda ba mu san sunansa ba, ya soka mata filashin da ba mu san inda ya kwana ba, ya zuba mata manhajojin da shi kansa bai san wanda ya taɓa su kafin su iso hannunsa ba. Ra'ayina shi ne ɓacewar faifai ta ɗora wa kowane mai kwamfuta wani nauyi da a da kwali da hatimin kamfani suke ɗauke masa, wato nauyin sanin asalin abin da yake ɗorawa, kuma har yau ba mu karɓi wannan nauyin ba.

Bari mu fara da amsar mai sauƙi. Idan faifan yana hannunka kuma dole sai shi, akwai na'urar karanta faifai ta waje da ake jonawa ta kafar USB. A saya ko a ara, aiki ya ƙare. Idan kana da tsohuwar kwamfuta mai gurbin faifai, za ka iya kwafe faifan gaba ɗayansa ya zama fayil guda da ake kira ISO, sunan da ya samo daga ƙa'idar tsara bayanai a kan faifai mai lamba ISO 9660. Tun daga Windows 8, da ya fito a 2012, danna irin wannan fayil sau biyu ya isa kwamfuta ta buɗe shi kamar an saka mata faifai na gaske. Amma a mafi yawan lokuta ba a ma buƙatar faifan, domin abin da ke kansa ya tsufa, kuma kamfanin da ya yi shi ya ajiye sabon zubi a shafinsa na intanet. Manhajar firinta dai kyauta ake sauke ta. Lambar samfurin firintar kawai ake nema.

Ita kanta babbar manhajar, wato Windows, haka abin yake. Microsoft na ba da wata 'yar manhaja kyauta mai suna Media Creation Tool, wadda ke sauke Windows ta shirya shi a kan filashi mai aƙalla gigabait 8, ta yadda kwamfuta za ta iya tashi daga kansa. Tana goge duk abin da ke kan filashin, don haka a kwashe kaya tukuna. Akwai kuma Rufus, wadda wani mai suna Pete Batard ya fara fitarwa a 2011, ita ma kyauta ce kuma masu gyara sun san ta sarai. Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, kuma rashin saninsa yana jawo musu asara: kwamfutocin manyan kamfanoni da suka fito da Windows 8 ko wanda ya biyo bayansa galibi lambar lasisinsu tana rubuce a cikin allon na'urar kanta. Idan ka ɗora nau'in Windows da ya dace da wannan lasisin, da kansa yake gane shi. Ma'ana, akwai mutanen da suke da lasisin halal a cikin kwamfutarsu, amma aka goge aka ɗora musu na sata a kai, suka biya kuɗin aiki, suka yi godiya.

Faifai bai ɓace dare ɗaya ba. A watan Janairun 2008 Steve Jobs ya zaro MacBook Air daga cikin ambulan a gaban jama'a a San Francisco, kuma abin da ya ba ta damar shiga ambulan ɗin har da rashin gurbin faifai. Shekaru goma kafin nan kamfanin nasa ya cire gurbin fulofi daga iMac, aka yi ta surutu, daga baya kowa ya bi sahu. Ƙananan kwamfutocin Asus Eee PC na 2007 su ma ba su da shi. Dalilan a bayyane suke: gurbin faifai yana cin wuri, yana da nauyi, yana da sassa masu motsi da ke lalacewa, balle a ƙurar hunturunmu. Sannan manhajoji sun yi wa faifai girma. Faifan CD megabait 700 yake ɗauka, DVD na yau da kullum gigabait 4.7, alhali fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabait 5. Da Windows 10 ya fito a 2015, a kan filashi Microsoft ya riƙa sayar da shi cikin kwali. Ba na cikin masu kukan faifai. Duk wanda ya taɓa kai kashi casa'in cikin ɗari na ɗora manhaja sannan wani ɗan karce ya tsayar da aikin, ba zai yi kewarsa ba.

Sai dai faifai yana da wata siffa guda da filashi ba shi da ita. Faifan da aka buga a masana'anta ba a iya ƙara masa komai. Ko ya shiga kwamfuta ɗari masu cuta, yadda ya shiga haka zai fito. Filashi kuwa kamar moɗar randar bakin hanya yake, kowa ya sha da shi ya bar masa abin da ke bakinsa. Duk wanda ya yi karatu a jami'o'inmu ya san cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar inuwarsu, wadda ake kwasowa a shagunan buga takardu, galibi ana saura kwana biyu a miƙa kundin digiri. Wannan ƙarama ce. Stuxnet, cutar da aka gano a 2010 wadda ta lalata na'urorin tace yuraniyom a Natanz ta ƙasar Iran, an ƙera ta ne ta yadda za ta riƙa bin filashi, saboda kwamfutocin da aka nufa ba a jone suke da intanet ba. Idan filashi ya iya shigar da cuta wurin da sojoji ke gadi, ofishin lauya mai ɗaki biyu ba zai gagare shi ba.

Kada a ɗauka ina wanke faifai ne. Mafi yawan faifan manhaja da aka sayar a kasuwanninmu kwafi ne na sata, an rubuta sunansu da alƙalamin maka. Ko na kamfani ma ba duka ne masu tsarki ba: a 2005 an kama Sony BMG yana saka wata ɓoyayyiyar manhaja a faifan waƙoƙinsa, wadda ke shigewa cikin kwamfutar mai saye ba da saninsa ba ta kuma buɗe ƙofa ga masu kutse. Abin da nake cewa kawai shi ne, faifai na asali yana zuwa da shaidar da ido ke gani: kwali, hatimi mai ƙyalli, sunan wanda za a kama idan an sami matsala. Yanzu shaidar ta koma wadda ido ba ya gani sai an neme ta.

Mu kuwa bai kamata neman irin wannan shaidar ya zama mana baƙon abu ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san ba a karɓar magana don daɗinta kawai. Ana tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, shi kuma daga wa, kuma idan aka sami wanda ba a san halinsa ba a cikin jerin, darajar ruwayar ta ragu ko da lafazinta ya yi kyau. Misali nake yi da hanyar binciken kawai, ba ina daidaita darajar abubuwan biyu ba. Manhaja umarni ce da kake ba wa na'urarka izinin bi ba tare da ka karanta shi ba, saboda haka abin da ya rage maka shi ne sanin hannuwan da ta bi. Wadda ka sauke kai tsaye daga shafin kamfanin da ya yi ta, tsakaninka da tushe mataki ɗaya ne. Wadda ke kan filashin kasuwa kuwa, mai gyara ya karɓa daga abokinsa, abokin ya sauke daga wani shafi, shafin ya kwaso daga wani da ya fasa makullinta a wata ƙasa, wanda ba a san sunansa ba, ba a kuma san abin da ya sa ya yi wannan wahalar kyauta ba. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai hanyoyi biyu na duba wannan isnadin, kuma babu wadda ke buƙatar digiri a kimiyyar kwamfuta. Ta farko ita ce sa hannun kamfani. Duk lokacin da za ka ɗora manhaja a Windows, wani akwati yakan fito yana neman izininka, kuma a cikinsa akwai sunan wanda ya wallafa ta, ko kuma bayanin cewa ba a san shi ba. Yawancinmu mukan danna amincewa kafin akwatin ya gama bayyana. Ta biyu ita ce abin da zan kira zanen yatsan fayil. Akwai wani lissafi mai suna SHA-256 da ke karanta fayil komai girmansa ya fitar da jerin haruffa da lambobi 64. Idan aka sauya ko da ɗigo ɗaya a cikin fayil ɗin, jerin zai sauya gaba ɗaya. Microsoft na wallafa wannan jerin a shafin da ake sauke Windows 11, masu Ubuntu da LibreOffice ma suna wallafa nasu. Kai kuma sai ka buɗe PowerShell, ka rubuta Get-FileHash da sunan fayil ɗinka, ka kwatanta. Aikin minti biyu ne.

Mai karatu da ya san harkar zai ce ai tushen ma ana gurɓata shi, kuma gaskiyarsa. A watan Fabrairun 2016 masu kutse sun shiga shafin Linux Mint suka karkatar da masu saukewa zuwa wani fayil da suka dasa wa ƙofar baya. A 2017 an gurɓata CCleaner tun daga cikin kamfanin, ta fita da sa hannu na gaskiya, mutane sama da miliyan biyu suka ɗora ta. To amma a dubi abin da ya biyo baya. Na farkon an gano shi cikin kwana guda, na biyun cikin kimanin wata ɗaya. Aka sanar da duniya lambar zubin da abin ya shafa, aka fitar da gyara. Sananniyar hanya idan ta lalace akwai wanda zai yi shela, akwai wanda zai ji kunya. Ranar da aka gano cewa fasasshen Office da ke yawo a filashin kasuwa yana kwashe kalmomin sirri, wa zai kira ka?

Akwai ma wata alama da ya kamata ta tayar mana da hankali tun tuni. Kusan duk manhajar da aka fasa wa makulli, sharaɗinta na farko shi ne a kashe manhajar tsaro kafin a ɗora ta. Masu gyara sukan ce ai ƙarya manhajar tsaron take yi, kamfanoni ne ba sa son a ci banza. Wani lokaci haka ne. Amma kai da ke tsaye a bakin shago ba ka da hanyar bambance ranar da take ƙarya da ranar da take gaskiya. Ka sallami maigadi da hannunka, ka ba baƙo makullin kowane ɗaki, saboda baƙon ya ce maigadin ba ya ƙaunarsa.

A kwamfutar yayata akwai takardun rabon gado, da bayanan shari'ar aure da masu ita ba za su so ko 'yan uwansu su gani ba, da kwafin takardun filaye. A ta likita akwai sakamakon gwajin marasa lafiya. A tawa akwai lambobin mutanen da suka yi mini magana bisa alƙawarin ba zan ambaci sunansu ba. Waɗannan duk amanar wasu ce, kuma tun watan Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da ta ɗora wa mai riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su. Ɗalibin da ya ɗora fasasshiyar manhaja don ya koyi zane, kansa ya jefa a haɗari. Ƙwararren da ya yi haka, da wuyan wasu ya yi caca.

Yanzu sai uzurin da na fi girmamawa, wato kuɗi. Kamfanonin da suka cire gurbin faifai sun yi lissafinsu ne da mutumin da ke da intanet marar iyaka a gida da wutar da ba ta ɗaukewa. A wurinmu gigabait 5 kuɗi ne da ake ji a aljihu, musamman bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, kuma saukewar na iya yankewa a tsakiya a koma farko. Windows 11 ma yana neman intanet da asusun Microsoft tun a wajen saita shi. Bayan haka, tafiyar faifai ta zo tare da tafiyar mallaka. A 2013 Adobe ya daina fitar da sabbin manhajojinsa na zane don sayarwa sau ɗaya, ya koma karɓar kuɗin wata-wata. Microsoft ma ya karkata ga haya, duk da cewa har yanzu yana sayar da Office na saye ɗaya. Wanda albashinsa na naira ne, hayar kuma ta dala, tun bayan sakin naira a watan Yunin 2023 ya san yadda kayan aro ke kasa rufe katara. Mai gyaran kasuwa bai ƙirƙiri wannan giɓin ba, cike shi ya yi, kamar yadda masu tura finafinai a waya suka cike gurbin da faifan Kannywood ya bari bayan kasuwarsa ta Ƙofar Wambai ta ja baya. Da yawansu sun fi masu digiri sanin cikin kwamfuta, kuma ban ga dalilin raina su ba.

Amma uzurin kuɗi yana da iyaka, kuma mun daɗe da wuce ta. Windows kansa kyauta ake sauke shi, kuma kamar yadda na faɗa, sau da yawa lasisin yana cikin na'urar. LibreOffice kyauta ce ta halal, tana buɗe takardun Word da Excel, kuma ta ishi mafi yawan masu rubuta wasiƙa da rahoto, ko da yake takarda mai ado da yawa takan ɗan karkace. Abin da ya rage shi ne manhaja ɗaya ko biyu da mutum ke cin abinci da su, kuma wanda ke karɓar kuɗin aiki daga jama'a ya kamata ya lissafa lasisinsu cikin kuɗin gudanar da ofis, kamar man janareto. Batun data kuwa, ba kowa ne sai ya sauke nasa ba. Ofis guda, ko sashe guda a jami'a, zai iya saukewa sau ɗaya, ya duba zanen yatsan, ya ajiye a filashi guda da ba ya zuwa ko'ina sai wannan aikin. Wanda ba zai iya ɗorawa da kansa ba ya tafi wurin mai gyara da nasa filashin, ya zauna a yi a gabansa, ya biya shi ladan gwanintarsa. Wannan ya fi mutunta mai gyaran a kan mayar da shi dillalin kayan da bai san asalinsu ba.

A kula da abu biyu a nan. Idan aka nemi sunan manhaja a Google, sakamakon farko sau da yawa talla ce, kuma masu damfara suna sayen wannan gurbin su kafa shafi mai kama da na gaskiya. A karanta adireshin harafi bayan harafi. Sannan akwai filashin jabu da ke nuna girman da ba shi da shi, ya karɓi fayil ya lalata shi a ɓoye.

Maganar ta ƙara zama ta gaggawa saboda Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 yana buƙatar wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma injin da bai tsufa sosai ba, a ɓangaren Intel galibi daga zubi na takwas zuwa sama. Kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka ke sallama saboda wannan sharaɗin, ba sai an faɗa mana inda za su ƙare ba. Za a kawo su, a tsallake sharaɗin a ɗora musu Windows 11, su yi kyau a ido. Rufus ma tana iya wannan tsallaken, kuma ba sata ba ne, sai dai Microsoft bai yi alƙawarin ci gaba da aika wa irin waɗannan na'urori gyaran tsaro ba. Mai saye yana da haƙƙin a gaya masa haka kafin ya biya. Ga irin wannan kwamfutar, ni na fi ganin hikimar a ɗora mata Ubuntu ko Linux Mint, su ma daga filashi, a ci moriyarta wasu shekaru.

Ta yayata dai ta cika sharaɗin. Washegari na zo da sabon filashi, muka goge abin da masu sayarwa suka zuba mata, muka ɗora Windows da muka sauke da kanmu. Tana jonuwa da intanet ta nuna lasisinta na nan daram. Manhajar firinta ba ta ɗauke mu minti goma ba. Faifan Office 2010 ne ya jawo gardama. Na ce mata za a iya ɗora shi da na'urar waje, amma tun watan Oktoban 2020 aka daina yi masa gyaran tsaro, kuma ita kullum cikin buɗe takardun da baƙi suka aiko mata take. Ta ce ita da kuɗinta ta saya, ba haya ta ɗauka ba, kuma ba ta ga ranar da aka rubuta zai ruɓe a jikin kwalin ba. Ban sami amsar da ta gamsar da ita ba, domin a wannan gaɓar tana da gaskiya. Ta yarda ta gwada LibreOffice na wata guda kafin ta yanke shawarar sayen sabon lasisi. Faifan kuma ta mayar da shi kwalinsa, ta sa a durowar da take ajiye takardun filaye.